Shafin da Darakta Ya Ce a Cire

Darakta ya turo fayil ɗin da bayan yatsunsa har ya zo bakin tebur, saura kaɗan ya faɗi ƙasa.

"Ki cire shafi na tara, in sa miki hannu yanzu-yanzu. In ba za ki cire ba, ɗauki kayanki ki ba ni wuri."

Uwar Ɗaki ta tare fayil ɗin da tafin hannu. Shekara goma sha huɗu ke nan tana zaune a ɗakin karɓar kira na hukumar kashe gobara ta Tsakiya, shi ya sa ma'aikatan suka laƙa mata wannan suna. Ita ke ɗaga waya idan an kira, ita ke tayar da mota, ita ke rubuta lokacin da kowane abu ya faru a babban littafin da ke gabanta. Yau ranar hutunta ce, amma ta zo da kaki a jikinta, a goge.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe huɗu na yamma za a rufe karɓa. 'Yan Tudu sun sa hannu, 'yan Tsallake sun sa. Kai kaɗai ake jira."

"To, a ci gaba da jira."

Hukumomin kashe gobara uku ne ke maƙwabtaka da juna: ta Tsakiya, ta Tudu da ta Tsallaken kogi. Kowacce da shugabanta, da motocinta, da rediyon oba-obarta a kan layin da ba ya shiga na 'yar'uwarta. Idan wuta ta haɗa su wuri guda, sai dai a ɗaga murya ko a ɗaga hannu. Da wata gidauniya ta sanar da tallafi ga maƙwabtan da suka yarda su haɗu a layi ɗaya, da turken sadarwa da sababbin oba-oba, Uwar Ɗaki ce ta karɓo fom ɗin. Mako shida ta yi tana cike shi.

A shafi na tara an nemi a ba da misalin ranar da rashin jin juna ya jawo ɓarna. Ba ta yi dogon tunani ba, ta buɗe littafinta ta kwafe abin da ke ciki. Wata uku da suka wuce wani siton katifu ya kama da wuta da rana tsaka, a kan iyakar Tsakiya da Tsallake. Mutanenta suka shiga ta gaba, 'yan Tsallake suka shiga ta baya. Kwamandan motar farko ya ga rufin ya fara lanƙwasa, ya yi ihu a oba-oba kowa ya fito, ya ce mata ta sanar da 'yan Tsallake. Ta kira wayar teburinsu, ana magana a kai. Ta kira wayar hannun shugabansu, tana cikin mota tana ta ƙara ita kaɗai. Minti huɗu tana kira, sannan rufin ya rufta a kan mutum ɗaya daga cikinsu. Rahoton da Darakta ya sa wa hannu bayan mako guda cewa ya yi sadarwa ta gudana yadda ya kamata, kuma wanda ya ji rauni ya yi jinkirin bin umarni.

"So kike in sa hannu a takardar da ta ce ni maƙaryaci ne?" in ji Darakta.

"Ba a ambaci sunanka ba, ranka ya daɗe. Lokaci kawai na rubuta."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Muryarsa ta sauka. "Ke ba yarinya ba ce. In wannan ya fita, kwamiti za a kafa. Kuma ba ni kaɗai za a zaunar a gaba ba. Za a tambaye ki me kika yi da minti huɗun nan."

"A tambaye ni. Na daɗe ina jiran wanda zai tambaya."

"Na hana ki fita da takardar nan da sunan hukumata."

Ta dube shi ido cikin ido, ta ƙame ta sara masa yadda aka koya mata, ta rungumi fayil ta fita.

A tsakar gida ma'aikata na wanke motar farko, an shimfiɗa mesa a rana tana shan iska. Kwamanda ya hango fuskarta ya ajiye bokiti.

"Ya ƙi ko?"

"Ya ce sai na cire shafin sito."

"To ki cire mana, Uwar Ɗaki! Rediyo muke so, ba shari'a ba. Takarda ce fa. Abin da ya faru ya riga ya faru."

"Shugaban Tsallake saboda shafin nan ya sa hannu. Da bakinsa ya ce min ranar da aka taɓa shi, a goge sunansu. In na cire, su za su fita. In na bari, Darakta ba zai shiga ba."

Ta zauna a kan bencin da ke gindin tankin ruwa ta buɗe ƙa'idojin gidauniyar, ta bi su da yatsa layi-layi, ko da yake ta kusa haddace su. A ƙa'ida ta uku ta tsaya. An rubuta cewa ana buƙatar aƙalla hukumomi biyu masu iyaka da juna. Tudu da Tsallake sun haɗa iyaka ta wajen arewa. Ta karanta sau biyu, sannan ta miƙa wa Kwamanda.

Ya karanta, ya ɗago a hankali. "Wato ki cire mu."

"Ya hana a fita da sunan hukumarsa. Ban ji ya hana a fita da na wasu ba."

"Ke kika rubuta abin nan daga farko har ƙarshe. Yanzu su samu, mu mu zauna da waɗannan akwalan?" Ya daki oba-obar da ke ƙugunsa, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. "Ni da yaran nan muke shiga wuta, ba Darakta ba."

"Na sani. Muryoyinku nake ji kullum." Ta rufe fayil. "Idan turken ya tsaya, ya tsaya. Zan sa layi guda a ciki, cewa duk maƙwabcin da ya so shiga daga baya ƙofa a buɗe take. In ba a kai komai yau ba, babu turke, babu ƙofa."

Kwamanda ya juya. Ya ɗauki bokitinsa ya watsa wa tayar mota ruwan da ƙarfin da ya fi na wanki.

Ta kira mijinta. Gyaran firji yake yi a wani shago bayan kasuwa, ta ji ƙarar injin walda a bayansa.

"Baban 'yan biyu, kana da mai a babur?"

"Ya danganta da inda za a je."

"Tudu, sannan Tsallake, sannan cikin gari. Kafin ƙarfe huɗu."

"Ke da kika ce yau za ki wuni a kwance? Na bar ki da hutu, kin je kin nemo mana yaƙi."

"Za ka zo ko in hau bas?"

"In kika hau bas sai jibi. Ga ni nan."

A shagon buga takardu da ke kusa da tashar mota aka yi awa guda da rabi. Mai shagon mace ce mai saurin hannu, amma wuta ta ɗauke sau biyu, sai da aka tayar da janareta. Uwar Ɗaki na tsaye a kanta tana nuna mata duk inda sunan Tsakiya ya fito. Wuri ashirin da uku. Kowanne aka goge, sai ta ji kamar ana cire mata haƙori. Inda aka rubuta hukumomi uku ya koma biyu, yawan oba-oba ya ragu, taswira ta tsuke. Da aka zo shafi na tara, matar ta ɗaga kai.

"Nan ma akwai Tsakiya, ranki ya daɗe. In goge?"

"Bar shi. Ki ƙara layi a ƙasa, wurin sa hannun shaida."

Shugaban 'yan Tudu ƙaton mutum ne mai yawan raha, yaransa na kiransa Tanka a bayan idonsa, shi kuma ya sani. Sun same shi a gareji ya cusa kai cikin injin mota. Ya goge hannu da tsumma ya duba sababbin takardun, dariyarsa ta ɗauke.

"Mai gidanku ya san da wannan?"

"Ya san na fita."

"Zai cinye ki ɗanye."

"Zan tsaya masa a wuya."

Ya ƙyalƙyale da dariya har cikinsa na rawa. Ya juya ga mijinta da ke zaune a kan babur. "Malam, a gida ma haka take?"

"A gida ta fi haka. Nan ai tana jin kunyarku."

Tanka ya ɗora fayil a kan bonet ya sa hannu wuri uku, ya aika a kawo hatimi daga ofis. Yana miƙa mata ya rage murya. "In kayan tallafin suka zo, zan iya yin kuskuren lissafi. Oba-oba biyu su ɓace, a tsince su a teburinki."

"A'a. Ba zan yi sata don in ji muryar maƙwabcina ba. Ranar da za mu shiga, ta ƙofar gaba za mu shiga."

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da suka haye gada. A tashar Tsallake aka ce shugaba ba ya nan, yana asibiti, yau ake sake wa mutuminsu da rufin sito ya rufta wa fata a baya. Mai gadin ƙofa ya dubi bajon Tsakiya da ke kafaɗarta, bai nuna mata kujera ba.

Sashen masu ƙuna yana hawa na biyu, lif ba ya aiki. Ta hau matakala tana haki, mijinta ya tsaya a ƙasa wajen babur. A ƙofar ɗakin aka sa ta wanke hannu aka ba ta takunkumi. Gado na huɗu ne, kusa da taga. Mutumin yana kwance rub da ciki, an lulluɓe bayansa da farin ƙyalle a kan wani ƙarfe don kada ya taɓa shi. Abokan aikinsa Sarkin Tsani suke ce masa, don shi ke riga kowa hawa. Matarsa na zaune a gefensa tana ba shi ruwa da cokali. Shugaban Tsallake, dattijo siriri mai furfura, na tsaye ya harɗe hannuwa a baya.

Ta gaishe su. Dattijon ya amsa a taƙaice. Ta yi masa bayani a tsaye, ta buɗe masa takardun. Bai kalli komai ba sai da ya nemo shafi na tara ya karanta shi daga sama har ƙasa. Ya tsaya a kan sabon layin.

"Wa zai sa hannu a nan?"

Ta zaro biro daga aljihu, ta dafa fayil ɗin a bango, ta rubuta muƙaminta da lambar aikinta, ta sa hannu.

"Kin san abin da kika yi?" in ji shi.

"Na sani, Baba."

Daga kan gado wata murya ta fito, a shaƙe saboda matashin kai. "Wace ce?"

"Mai karɓar kiran Tsakiya ce," in ji matar, ba ta ko ɗago ba.

Sarkin Tsani ya juyo da fuskarsa da ƙyar. Gefe ɗaya na gashin girarsa bai fito ba har yanzu. "Ke ce aka ce kin kira?"

"Ni ce."

"Sau nawa?"

"Sau bakwai. Huɗu a wayar tebur, uku a ta shugabanku."

Ya ja numfashi a hankali. "Sun rubuta cewa an ce in fita na ƙi. Yarana sun ji a makaranta. Babban ya zo nan ya tambaye ni, wai Baba me ya sa ka yi taurin kai. Ni kuma na kwanta ina ta tunani, ko dai an faɗa ne ban kula ba. Ruwa na ƙara, wuta na ƙara, ƙila an kira ni..."

"Ba a kira ka ba," ta katse shi. "Babu ta inda za ka ji. Maganar a hannuna ta tsaya, ban sami hanyar da zan miƙa maka ita ba. Haka na rubuta, da minti da daƙiƙa."

Matar ta ajiye cokali. Ta dubi Uwar Ɗaki a karo na farko, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙe ta jawo kujerar da take kai ta tura mata.

"Zauna, Yaya. Kin sha rana."

"Na gode, ƙanwata. Sauri nake."

"A ba ni kwafin shafin nan," in ji Sarkin Tsani. "Yaron nan ya iya karatu."

Akwai kwafi biyu a fayil. Ta zare shafin daga na ajiyarta, ta sa masa hannu shi ma, ta ba matar. Shugaban Tsallake ya riga ya sa nasa hannun. Hatimin yana aljihun rigarsa, ya hura masa iska, ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya danna.

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.

"Uku saura kwata."

"To me kike tsaye yi?"

A hanyar cikin gari wata tirela ta lalace a tsakiyar titi, motoci sun yi layi har inda ido ya tsaya. Mijinta ya bi ta lungu, ya ratsa ta bayan masu sayar da katako, ya hau gefen kwata ya sauka. Ta ƙanƙame fayil a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe rigarsa.

"In muka faɗi, ka tabbata takardun suna sama!"

"Ni fa?"

"Kai ana gyara ka!"

Ofishin gidauniyar ɗaki ne mai sanyi a hawa na uku na wani dogon bene. Mutum biyu ne a gabanta. Da layi ya zo kanta agogon bango ya nuna huɗu saura minti ashirin. Ma'aikacin da ke karɓa, wani mai ƙaramin gemu, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, kamar wanda ba shi da sauran aiki a duniya. A shafi na tara ya dakata.

"Shaidar nan daga Tsakiya take. Amma ban ga Tsakiya cikin masu nema ba."

"Ba ta ciki."

"Shugabanki ya san kin ba da wannan bayani?"

"Ya karanta shi da safen nan. Bai ji daɗinsa ba."

Mutumin ya dube ta ta saman tabarau. "Ƙa'idarmu ce mu aika wa hukumar da aka ambata kwafi, ta tabbatar ko ta musanta. Da sunanki a jiki. In kina so ki janye shafin, yanzu ne."

"Ku aika biyu. A ofishinmu takarda ɗaya kan ɓata."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya ɗauki hatimi ya buga, ya rubuta lokaci, ya yago mata takardar shaidar karɓa. Ta ninke ta ta sa a aljihun ƙirji ta sa maɓalli. Ta fito kan matakala ta tsaya kaɗan. Ta tuna tun safe ko ruwa ba ta sha ba.

Wayarta ta yi ƙara. Sakatariyar Darakta ce, ta ce ana nemanta a ofis kafin a tashi.

"Mu tafi gida," in ji mijinta da ta faɗa masa. "Gobe ma rana ce. 'Yan biyu sun dawo tun ɗazu."

"Kai ni. Ba na son ya kwana yana zaton tsoro na ji."

Ba a shigar da ita wurin Darakta ba. Sakatariya ce ta fito da ambulan da littafin sa hannu, tana kauce wa idonta. Ta ce shugaban Tudu ya kira ɗazu yana yi wa Darakta godiya a kan aron ma'aikaciya, tun lokacin ba a sake jin motsin Darakta ba sai ƙarar aljihun tebur.

Uwar Ɗaki ta yage ambulan a nan tsakar gida. Layi huɗu ne. An ɗauke ta daga ɗakin karɓar kira, an mayar da ita ƙaramin ofishin hukumar da ke bakin gada, daga ranar Litinin. Kowa ya san wurin. Ɗaki ɗaya ne da tsohuwar mota ɗaya, can ake tura wanda aka gaji da ganin fuskarsa.

Kwamanda ya matso yana goge hannu, ma'aikata uku na biye da shi. Ya karɓi takardar ya karanta, fuskarsa a haɗe. Sai ya sake karantawa.

"Bakin gada?" Ya dubi tagar Darakta, inda labule ya ɗan motsa, ya dawo da idonsa kanta. "Shi bai taɓa zuwa wurin ba ko? Ai 'yan Tsallake ma suna da rumfar mota ta wannan gefen. Katanga ɗaya ce tsakaninku. In kika yi tari za su ce miki sannu."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya fashe da dariya, ya toshe baki da hula.

Ta karɓi takardarta, ta jawo littafin sakatariya ta sa hannu, ta rubuta lokaci a gefe kamar yadda ta saba.

"Ki gaya masa na karɓa. Ki ce Litinin ta yi nisa, gobe zan fara."

Ta nufi ƙofa inda mijinta ke jira, ya riga ya tayar da babur. Ta tattara siket ta hau, ta gyara zama.

"An kore ki?" ya tambaya.

"An canja mini wuri. Babbar gudumar nan taka tana shago?"

"Tana nan. Me za a fasa?"

"Ka zo da ita gobe da safe. Akwai katangar da ke buƙatar taga."